Ranar da Mai Asubanci Ya Zo a Kan Lokaci

Litinin, 7 ga Yuni, 1999. Ƙarfe 4:35 na yamma

Hannuna ya saba, ba na iya rubuta komai sai na fara sa lokaci a sama. Shekara goma sha ɗaya ina tashamasta a Kwarin Gawo, kullum abin da nake yi ke nan: jirgi ya shigo ƙarfe kaza, ya fita ƙarfe kaza, ni Isyaku na sa hannu.

Yau Mai Asubanci ya faɗi a tashata. Haka muke kiran jirgin safe da ke kwaso ma'aikata daga birni ya kawo su kamfanonin fata. Kan jirgin da tarago na farko sun sauka daga kan dogo a tsohon layin gyaɗa. Mutum tara sun ji rauni. Mutum ɗaya ya rasu, sunansa Maharazu, ɗan Zaitawa ne. 'Yan sanda sun tafi da Baba Mala, mai kula da get ɗin tsallaka dogo da sandar juya layi. Ni ba su tafi da ni ba.

Na cika littafin tasha kafin mutanen hedikwata su iso. Na rubuta abin da na rubuta.

Da na shigo gida matata Sa'ida ba ta dubi fuskata ba, ƙafata ta duba. Ta ce, "Malam, ina takalmanka na aiki? Silifan wa ka sako?" Na ce mata mutum ya mutu tana tambayar takalmi. Ban kyauta mata ba, kuma ban ba ta amsa ba.

Talata, 8 ga Yuni. Ƙarfe 6:15 na safe

Jiya bayan la'asar aka kai Maharazu. Daga unguwarmu Soron Ɗinki zuwa Zaitawa ko babur ba sai na tayar ba. Ban je ba.

Laraba, 9 ga Yuni. Ƙarfe 11:20 na safe

An dakatar da jirgi sai an ɗaga kan da ya faɗi. Ina zaune a ofis ba aikin fari ba na baƙi, sai kallon agogon bango. Tsoro nake ji, gara in rubuta shi da sunansa.

Don in daina tunani na ɗauko tsofaffin littattafan tasha ina karkaɗe su. Turawa ne suka gina wurin nan saboda gyaɗa. Mahaifina Malam Mikail shi ne malamin sikeli, ina yaro yakan ɗora ni a keke daga cikin birni mu fito ta Ƙofar Ɗan'agundi, in wuni ina kallon 'yan dako suna hawa da buhu a ka suna waƙa. Layin gefen da suke loda taragu shi ne layin gyaɗa. Da gyaɗa ta mutu aka bar shi, ciyawa ta rufe shi, gara ta cinye katakon da ke ƙarƙashinsa. Sau huɗu ina rubutawa a zo a cire shi. Yanzu ban san ko in gode wa Allah da ba su karanta ba.

Bayan gyaɗa tashar ta yi shekaru awaki ne kawai fasinjojinta, sai da aka buɗe kamfanonin fata aka sa mana jirgin ma'aikata. Tarago huɗu ne. Da safe ya sauke maza, ya kwashi mata masu nono da masu ganye ya kai su birni. Da yamma ya dawo da matan ya kwashe mazan. Muna da ɗakin jira mai benci uku, da randa biyu, da tagar tikiti, da wayar da ke aiki ranar da ta ga dama. Muna kuma da 'Yardada mai koko da ƙosai a gindin gawo, shekara talatin. Muna da ita har ranar Lahadin da ta wuce.

A takarda Mai Asubanci yana iso mana bakwai da minti goma. A takarda na ce. Tun ranar da aka fara shi bai taɓa zuwa kafin takwas saura kwata ba, sunan ma don tsiya aka sa masa. Kowa ya gina safiyarsa a kan makararsa. Masu nono sun san ba sai sun yi sauri ba, limamin garin yana ƙarasa karatunsa, ni ma ina shan kokona a tsanake. Ni kuwa kullum in rubuta 7:10 a littafi da kyakkyawan rubutuna, don haka na tarar ana yi.

Alhamis, 10 ga Yuni. Ƙarfe 2:50 na rana

Mutanen Kwarin Gawo sun sauya mini gaisuwa. Da "Masta, ya aiki?" ne a wuce. Yanzu tsayawa suke, su riƙe hannuna da hannu biyu, su ce, "Allah ya saka da alheri, Masta. Allah ya rufa asiri." Mai gari da kansa ya aiko mini da zabi biyu.

Wannan "Allah ya rufa asiri" shi ke kashe ni. Mutum fiye da arba'in ne a wurin ranar. Ba wanda ya ce uffan, kuma ba wanda bai sani ba.

Juma'a, 11 ga Yuni. Ƙarfe 3:10 na rana

A masallaci na tsaya a sahu na ƙarshe kusa da ƙofa, kuma ban saki takalmina daga ido ba har aka sallame.

Lahadi, 13 ga Yuni. Ƙarfe 5:40 na yamma

Ya Aisa, matar Baba Mala, ta zo tun daga Gwammaja. Na ji sallamarta a soro. Na ce shi ke nan, ta zo ta tone ni a gaban 'ya'yana.

Ta zauna da Sa'ida a tsakar gida, ta sha ruwa, ta gaishe ni kamar kullum da Hausarta mai ɗanɗanon Barno. Kakannin mijinta fatake ne da suka zauna a Kano tun kafin a shimfiɗa dogo, amma ita daga can aka auro ta. Ta ce ta kai masa abinci, an bar ta ta gan shi. Ƙafarsa ta kumbura saboda gudun da ya yi ranar.

Sai ta ce, "Ya ba ni saƙo. Ya ce a gaya wa Isyaku ya riƙe bakinsa ya riƙe tasharsa. Ya ce shi ya san abin da zai faɗa."

Sa'ida ta dube ni. Na ce, "To, Ya Aisa, Allah ya fito da shi lafiya."

Ta ce, "Amin." Ta ɗan jima tana gyara mayafi, sannan ta ƙara, "Saƙonsa ke nan. Ni ba a tambaye ni nawa ba."

Baba Mala ne ya koya mini riƙe tuta. Ina ɗan shekara tara ya ɗora hannuna a kan sandar juya layi ya ce in ja, na kasa, ya yi ta dariya. Shekararsa sittin da uku, watan Oktoba zai ajiye aiki. An ce tuhumar da za a yi masa ita ce sakacin da ya jawo asarar rai. Na tambayi wani da ya san shari'a, kamar labarin wani nake ba shi. Ya ce shekaru ne, ba watanni ba.

Talata, 15 ga Yuni. Ƙarfe 10:05 na safe

Lawal ɗan 'Yardada ya shigo ofis, ya ajiye ƙunshi a kan teburina, an naɗe da takardar siminti. Ya ce, "Masta, an tsinci wannan a wajenmu. Ba kowa ya gani ba." Ya fita.

Ba sai na buɗe ba. Har goge su ya yi, na ji ƙanshin man takalmi.

Na sa su a durowar ƙasa na kulle. Na koma na duba ko na kulle. Na sake komawa.

Laraba, 16 ga Yuni. Ƙarfe 12:30 na rana

Kwana tara ina zagaye-zagaye a littafin da ba mai karanta shi sai ni. Wannan wace irin ragwanta ce? Bari in rubuta.

Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci abin, takarda ta zo daga hedikwata. Tunda mulki ya koma hannun farar hula, in ji takardar, daga Litinin kowane jirgi zai tashi a kan lokacinsa. Na karanta wa 'Yardada a gindin gawo, muka yi dariya har ta ƙware. Ta ce, "Masta, wannan ta nawa ce?" Na ce ta biyar, kowane sabon shugaba da irin tasa. Ta ce in ba ta ta naɗe ƙosai. Wallahi na ba ta.

Ranar Lahadi ta kwanta, kafin asubar Litinin ta cika. Aka sa jana'iza ƙarfe bakwai a filin da ke bayan tasha, taku ɗari biyu daga ofishina. Maƙabartar garin tana ƙetaren dogo, dole sai an bi ta get. Kuma tun zamanin mahaifina akwai abin da ba a rubuta ba amma kowa ya sani: a Kwarin Gawo ba a rufe wa makara get. Ba a taɓa samun matsala ba, don jirgin bai taɓa zuwa ba.

Doka ta ce a rufe get bakwai da minti biyar. Bakwai saura minti biyu na leƙa na ce wa Baba Mala, "Baba, bar shi a buɗe har a wuce da ita. Ni zan je in sami salla." Ya ce, "Isyaku, takardar nan fa?" Na ce, "Baba, takardar tana cikin ƙosai." Da bakina na faɗa, ina murmushi.

Matar nan shekara goma sha ɗaya tana ajiye mini kokon farko. Ranar da aka haifi 'yata ta fari ita ta fara yi mini barka. Salla ce ta minti biyar, a tsaye. Na tuɓe takalmina na shiga sahu na biyu.

Aka sallame, aka ɗauki makara, masu ɗauka suna sauri kamar yadda ake yi. Na tsaya ina gaisawa da liman. Na ji waya tana kuka a ofis, na ce a raina yau kuma ta farfaɗo. Sai na ji kukan jirgi.

Wanda ya fito daga birni sandar juya layi yake fara tararwa, sai get, sai dandamali. Makara tana tsakiyar dogo, mutane sun cika get maƙil, na baya suna tura na gaba. Garba direba ya taka birki amma birkin jirgin nan kowa ya san shi. Ina gudu ba takalmi na hango Baba Mala, tsoho mai ciwon gwiwa, ya riga ni. Ya faɗa kan sandar da ƙirjinsa ya juya jirgin cikin layin gyaɗa. Ruɓaɓɓen katako ya karye, kan jirgin ya kwanta a hankali kamar saniya. Maharazu yana maƙale a ƙofar tarago na farko.

Bakwai da minti goma daidai. Na duba agogona, don hannuna ya saba.

Ga abin da na rubuta a littafin tasha: Waya ba ta aiki. 7:05 na umarci mai get ya rufe. Na sa hannu.

Tsoho ya ceci mutum arba'in, ni kuma na ɗauki biro na ɗaure shi da layi biyu.

Juma'a, 18 ga Yuni. Ƙarfe 9:45 na safe

Takarda ta zo. An kafa kwamiti, zai zauna Litinin 28 ga wata a ɗakin jiranmu. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa zaman a buɗe yake, duk mai magana ya zo ya yi.

Da zamanin soja ne da tuni an gama. Wani mai hula zai zo ya yi tsawa, a kori wanda za a kora, a rufe fayil. Watan jiya har rawa na kusa yi da aka ce sun koma bariki. Na tsaya a rana awa uku na jefa ƙuri'a, na dawo ina nuna wa yara tawadar da ke yatsana. Yau ga ni ina jin haushin an ce kowa zai iya magana. Ka ji ɗan dimokuraɗiyya.

Asabar, 19 ga Yuni. Ƙarfe 6:30 na safe

Na bi ta bakin Zaitawa, na rage gudu, na wuce.

Litinin, 21 ga Yuni. Ƙarfe 6:05 na yamma

An buɗe layi. Mai Asubanci ya iso takwas saura minti goma. Rana ɗaya tak ya cika alkawari a rayuwarsa, ya koma halinsa. Na tsaya da biro a kan littafi na rasa me zan rubuta. Na rubuta 7:50. Wannan ne karo na farko.

An ba da belin Baba Mala, na je Gwammaja bayan la'asar. Yana kishingiɗe a soro, ƙafar a kan matashi. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na durƙusa na kasa gaishe shi.

Ya ce, "Tashi, kai ba ɗan kotu ba ne. Aisa ta ba ka saƙona?"

Na ce, "Baba, ni na ce ka bar shi a buɗe."

Ya ce, "Da ba ka ce ba ma ba zan rufe wa 'Yardada get ba. Ka ji? Ni na tsufa. Kai 'ya'yanka biyar, babbar ko sakandare ba ta gama ba. In an tambaye ni zan ce Masta ya faɗa, na manta. Tsufa ne. Wa zai yi musu da tsufa?"

Na ce, "Za su ɗaure ka."

Ya ce, "To sai me? Can ma ana salla."

Na fito ina jin sauƙi, kuma wannan sauƙin shi ne mafi munin abin da na ji tun ranar. A ƙofar gida Ya Aisa tana tankaɗe. Na yi mata sallama, ta amsa ba ta ɗago ba.

Talata, 22 ga Yuni. Ƙarfe 1:15 na rana

Waya ta yi kuka, na zabura har na ture kofin shayi. Kuskuren lamba ne.

Alhamis, 24 ga Yuni. Ƙarfe 5:55 na yamma

Na je Zaitawa.

Ban shirya ba. Babur ne ya karya kwana, ni dai na bi shi. Na tambayi gidan, aka nuna mini soro mai dakali biyu. Mahaifinsa, Malam Bashir, maɗinkin hula ne, yana zaune a tabarma da zare a hannu. Ta cikin gida ina jin muryar yara. Na tuɓe silifa na zauna.

Na ce, "Baba, ya haƙuri?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Kai ne na tashar."

Na ce ni ne.

Ya ce, "Kwana goma sha bakwai."

Na ce haka ne.

Ya ci gaba da ɗinkinsa. Can ya ce, "Ka san me ya sa yake maƙale a ƙofa? Shekara shida yana shiga jirgin nan, kullum a kujerar taga yake, don yana riga kowa. Ranar yana karyawa, Hasana matarsa ta ce masa ta ji a rediyo jirgi zai tashi da wuri. Ya yi dariya, ya ce ta ƙaro masa kunu. Da ya isa jirgin ya fara tafiya, da gudu ya kama ƙofa." Ya cije zaren ya tsinke. "Yarinyar nan har yau cewa take da ba ta ƙaro kunun ba."

Ban san lokacin da na fara magana ba. Na gaya masa duka, takarda, ƙosai, sahu na biyu, takalmi, layi biyun da na rubuta. Ban taɓa faɗa wa mai rai ba sai shi. Ina jira ya tashi ya tara mini unguwa.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana kwanansa ne ya ƙare, wannan ba ni da ja. Amma tsohon da aka kama, ɗazu ka ce shi ya ceci mutane?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "To ka zo yi mini gaisuwa da hannu ɗaya, ɗayan yana shaƙe da wuyan wani. Ba zan karɓa ba. Je ka sake shi, sannan ka dawo."

Na tashi. Na kasa tayar da babur, tura shi na yi zuwa gida.

Juma'a, 25 ga Yuni. Ƙarfe 4:20 na yamma

Ba zan iya ba. 'Ya'ya biyar.

Asabar, 26 ga Yuni. Ƙarfe 7:10 na safe

Ba wanda zai tone ni. Mala ba zai faɗa ba, Kwarin Gawo ba za su faɗa ba, Garba direba ya ce shi dogo kawai yake kallo. Malam Bashir ma ba irin masu zuwa kwamiti ba ne. Da ma akwai wanda zai tone ni, da na huta.

Lahadi, 27 ga Yuni. Ƙarfe 5:30 na yamma

Na gaya wa Sa'ida. Tana tsince shinkafa, ba ta tsaya ba.

Ta ce, "Na sani tun ranar da Ya Aisa ta zo. Kafin nan ma na sani. Mutumin da ke goge takalmi kafin ya wanke fuska ba ya dawowa da silifan wani a banza."

Na ce, "In na faɗa, aiki ya tafi. Wataƙila ni ma in tafi."

Sai a nan ta ajiye faifan. Ta yi kuka sosai, ta ce na cuce ta, ta ce wace irin salla ce ba za a iya yin ta ba sai da ni. Na bar ta ta faɗa, gaskiyarta ce. Da ta gama ta share fuska ta ce, "Sati uku ke nan ba ka iya haɗa ido da yaran nan. Ni dai ban san wanne ya fi ba. Ina takalman suke?"

Na ce suna durowa a tasha.

Ta ce, "Gobe kada ka je gaban mutane da silifa."

Litinin, 28 ga Yuni. Ƙarfe 6:20 na yamma

Ɗakin jira bai taɓa cika haka ba ko a zamanin gyaɗa. An jera benci ukun, an aro na makaranta. Mutum uku ne a tebur, shugabansu wani mai furfura da ke rubutu da jan biro. Mutanen gari sun tsaya har bakin taga.

Aka karanta littafina da ƙarfi. Shugaban har yaba rubutun ya yi.

Aka kira Baba Mala, ya dogara sanda ya tsaya. Ya ce, "Masta ya ce in rufe, na manta. Tsufa ne, ranka ya daɗe." Ko ƙifta ido bai yi ba.

Aka kira Lawal, aka tambaye shi ko ya ga inda tashamasta yake lokacin da abin ya faru. Ya ce, "Ranka ya daɗe, uwata nake ɗauke da ita. Idona yana kan makara." Aka tambayi liman, ya ce shi gaba yake kallo, liman ba ya waiwaye. Mutanen kirki, kowa yana lanƙwasa harshensa saboda ni.

Shugaban ya dube ni ya ce ko ina da abin ƙarawa a kan abin da na rubuta. Tambayar cika ƙa'ida ce, har ya fara rufe fayil.

Na dafa benci na miƙe. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, siririya ce kamar ta marar lafiya. Na ce, "Ranka ya daɗe, layi biyun nan ƙarya ne. Waya tana aiki. Ni na ce a bar get a buɗe. Ba na ofis, ina sahu na biyu."

Sai hayaniya. Wani daga baya ya ce, "Masta bai da lafiya, a zaunar da shi!" Mai gari ya ce ruɗewa ce. Baba Mala ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Ƙarya yake! Yaron nan tausayina yake ji!" Ban taɓa tsammanin sai na yi faɗa kafin a yarda ni ne mai laifi ba.

Na sunkuya na kwance takalmina na ɗora su a kan tebur, a gefen jan biron. Na juya na ce, "Lawal, don girman Allah, don darajar wadda muka sallata, a ina ka tsinci waɗannan?"

Hawaye ya zubo masa. Ya ce, "A filin jana'iza."

An dakatar da ni daga aiki nan take. Na ba da makullai da tutoci biyu. Na rubuta bayani wajen 'yan sanda, ƙanin Sa'ida ya tsaya mini, an ce in dawo Alhamis za a kai ni gaban alƙali. Shugaban ya ce a cire sunan Mala daga tuhuma. Ya kuma ce za su duba ko ya dace jirgi ya ci gaba da tsayawa a Kwarin Gawo. Masu nono sun ji, ba wadda ta kalle ni da na fito.

Baba Mala ya wuce ni a dandamali bai yi mini magana ba. Ya Aisa tana bayansa. Ita ta tsaya, ta ce, "Isyaku, sa takalminka, ƙasa da zafi."

Talata, 29 ga Yuni. Ƙarfe 11:40 na safe

Tsoron bai tafi ba. Na ɗauka zai tafi. Alhamis nake gani a gabana duk inda na juya, kuma ɗazu ƙaramar 'yata ta tambaye ni me ya sa ban je aiki ba na ce hutu nake.

Bakwai da minti goma ta same ni a tsakar gida ina kallon agogo ba abin rubutawa. Na sa riga na taka zuwa Zaitawa.

Malam Bashir yana inda na bar shi, hular ta kusa ƙarewa. Na tuɓe takalmi a bakin soro. Ban ba shi labari ba, bai tambaya ba, da alama labarin ya riga ni. Na durƙusa nesa da tabarmar.

Na ce, "Baba, ya haƙuri?"

Ya soke allurar a jikin hular ya ajiye ta. Ya matsa gefe ya bar mini wuri.

Ya ce, "Da godiya."